Ruwan da Aka Hana Hawa Jirgi

Baba Rediyo ya sake zura gugar a rijiya, ya jawo ta a hankali kamar mai tsoron kada ruwan ya farka. Matarsa na tsugune a gefe riƙe da babbar gorar roba, ta ɗora farin ƙyalle a bakinta don tacewa.

"Malam, ta cika fa. Ko rijiyar za ka ɗauka gaba ɗaya?"

"Ƙara kaɗan. Har wuya."

Rijiyar ta girme su duka. Mahaifinsa ne ya haƙa ta a tsakar gida tun unguwar ba ta san famfo ba, kuma ruwanta na da wani ɗanɗano da ba a samu a ko'ina, ɗan garɗi haɗe da warin robar guga. Suna yara, yayansa ne mai ja, shi kuwa sai ya laɓe, da gugar ta iso baki ya kafa kai ya sha kafin mai ja ya huta. Daga baya aiki ya ɗauke Yaya zuwa wani gari mai nisa, ya yi aure a can, ya tsufa a can. Yanzu yana kwance a asibiti. Ɗansa ne ya kira a waya.

"Baffa, likitoci sun ce a kira 'yan'uwa. Ba ya neman komai sai abu ɗaya. Wai ruwan rijiyar gida yake so ya sha."

Ta mota tafiyar kwanaki ce, shi ya sa yaron ya aiko da tikitin jirgi. Baba Rediyo kuwa bai taɓa zuwa kusa da jirgi ba. Ya shekara da shekaru yana gyaran rediyo a rumfarsa ta bakin kasuwa, ya ji muryoyin duniya kala-kala suna fita daga hannunsa, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba sai in ya hau tsani ɗaura eriya.

Ana cikin ɗaure bakin gorar sai ga sallamar Kyaftin. Mai shagon bakin layinsu ne. Sau ɗaya ya hau jirgi, tun gashin kansa na baƙi, amma har yau in ka je sayen ashana sai ka ji yadda aka tashi da yadda aka sauka. Shi ya sa sunan ya bi shi.

"Mu gani, mu gani," in ji Kyaftin, yana zagaya shi kamar mai sayen rago. "Wannan takalmin mai igiya cire shi. Sa silifa. A sama ƙafa kumbura take yi. Rigar ta yi, sakakkiya ce. Wandon mai mazagi ne ko? Madalla, ƙarfe ba ya shiri da ƙofarsu. Ga cingam. Da ka ji jirgi ya ɗaga hanci, ka hau tauna."

"Da wane haƙorin?" in ji matar.

"Da dasashi ma ana yi, uwar gida. Kunne ne ke toshewa. Kuma ka roƙi kujerar bakin hanya, ba ta taga ba. Mutum irinmu, marar ba ta da haƙuri. In ka zauna ka riƙa motsa yatsun ƙafa. Duk abin da aka miƙo maka na sha, karɓi, iskar ciki busar da maƙogwaro take yi. Ka je da wuri. Maganinka a aljihu." Ya ɗaga yatsa, ya rage murya. "Sai babbar magana. Duk abin da ranka ke kai, kada ka yarda ya bar hannunka. Akwatin da suke karɓa, wani sai ya sauka a wata ƙasa daban. Ni da idona na ga mutum yana kuka a kan akwati. Wannan gorar, ko sarkin jirgin ne ya ce kawo, ka ce a'a."

Baba Rediyo ya gyaɗa kai. Matarsa ta naɗe gorar da ƙaramin tawul don kada ta yi zafi, ta saka a jakar yadi mai rataya, ta rataya masa a wuya da kanta.

"Ka gaishe da Yaya. Ka ce masa ni na tace."

'Yarsu malamar makaranta ce ta raka shi filin jirgi. A ƙofar shiga mai gadi ya ce masu tikiti kawai. Ta tsaya ta bayan gilashi tana yi masa nuni da hannu, ga layi can, ga teburi can, har sai da ta ga ya isa gaban matar da ke karɓar kaya, sannan ta juya don ɗalibai na jiranta.

Matar ta auna akwatinsa, ta manna masa takarda, wani bel ya ja shi ya shige bayan labule. Ya bi shi da kallo kamar mai sallama da ɗa.

"Baba, wannan jakar fa? In kana so a haɗa ta da akwatin, ka huta da ɗauka."

Ya rungume jakar da hannu biyu. "A'a, 'yata. Wannan tare muke."

"To shi ke nan. Kujerar bakin hanya ka ce ko? Ga ta. Allah ya kiyaye hanya."

Ya ji daɗi har cikin ransa. Komai na tafiya yadda Kyaftin ya faɗa. Ya nemi benci a babban zauren ya zauna, jakar a cinya, da sauran lokaci mai yawa a gaba.

Zauren kuwa cike yake da abin kallo. Akwai wata matakala da ke tafiya da kanta, tana haihuwar taki a ƙasa tana haɗiye shi a sama. Ya daɗe yana tunanin inda takin ke zuwa. Akwai wani ɗan tsuntsu da ya shigo ya rasa hanyar fita, yana ta kai wa gilashin rufi karo. Duk gidan na masu tashi ne, amma shi kaɗai mai fiffike aka rufe. Sai kuma lasifika. Da muryar mace ta fara fita daga cikinta, kunnen Baba Rediyo ya miƙe. Akwai wani kaɗawa a ƙarshen kowace kalma, wani zzz siriri. Takardar lasifikar ce ta tsage a gefe, ko kuwa waya ce ta saki? Ya karkata kai, ya lumshe ido. Da ta sake magana ya tabbata takardar ce. Ɗan gam kaɗan ya ishe ta. Duk rayuwarsa haka yake sauraron rediyo: ba ya jin abin da ake faɗa, yadda sautin ke fita yake ji. Muryar ta yi ta kira, shi kuma ya yi ta gyara ta a zuci.

Wata mata mai jan ƙaramin akwati ce ta tsaya a kansa, ta leƙa takardar da ke hannunsa.

"Baba! Jirginmu ɗaya. Tun ɗazu ake kira, yanzu na ƙarshe ne. Ba a nan ake jira ba, sai an wuce bincike. Taso, taso!"

Ya bi ta da gudu-gudu, silifa na faɗar ƙasa, gorar na dukan ƙirjinsa.

A wurin bincike aka ce ya sa komai a tire. Ya sa hula, ya sa waya, ya sa katin magani. Jakar ce ya tsaya yana kallo.

"Har ita, Baba," in ji jami'in, wani dogo mai gajiyayyun idanu. "Ta can za ta fito ta same ka."

Ya sa ta. Ya wuce ƙofar ba ta yi ƙara ba, ya yi wa Kyaftin godiya a zuci. Ta gefe ya hango allon na'urar, ga gorarsa a ciki ta zama wata inuwa mai duhu, kamar hoton ƙirjin majinyaci. Bel ɗin ya tsaya. Jami'in ya ɗauko jakar, ya warware tawul ɗin, ya ɗaga gorar sama.

"Mene ne wannan?"

"Ruwa ne, ɗana."

"Ba a shiga da ruwa."

Baba Rediyo ya yi murmushi, don ya ɗauka bai yi bayani da kyau ba ne. "Na rijiya ne. Tsabtatacce, an tace. Yayana ne ba lafiya, shi ya ce a kawo masa."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ba a shiga da shi. Da ka sa a akwati, da ya wuce lafiya lau."

"A akwati?"

"Ba a gaya maka ba? Abu mai ruwa, in ya wuce 'yar kwalba kamar haka," ya gwada da yatsu biyu, "sai a akwati."

"To a dawo mini da akwatin in sa."

"Akwatinka na cikin jirgi, Baba. Teburin ma sun rufe."

Ya laluba aljihunsa ko akwai 'yar kwalba. Magungunansa duk na kati ne. Cingam ne kawai da carbi. A gefen jami'in akwai wani babban kwando cike da gorunan ruwa, da kwalaben turare, da man shafawa, duk na mutanen da suka riga shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki wata ƙarama.

"Abin da ya shiga nan ba ya fita," in ji jami'in. Ba da faɗa ya faɗa ba.

"Ɗana, ka ɗanɗana ka ji. Wallahi ruwa ne. Ga shi ni ma in sha a gabanka."

"Na yarda ruwa ne. Ba ni na sa dokar ba, kuma ga na'ura can tana kallona kamar yadda take kallonka. In na bar ka, gobe ba ni da aiki."

Layi ya taru a baya. Wani mai kwat ya ce, "Haba tsoho, ruwa ne fa! A cikin jirgi kyauta ake bayarwa." Wani ya yi dariya. Matar da ta taso shi tana can gaba tana yafuto shi, ta kasa tafiya ta kasa dawowa. Lasifika ta sake magana, wannan karon ya ji kalmomin sarai, har da sunansa a ciki.

"Ko ka sha, ko ka bari," in ji jami'in. "Zaɓi ɗaya, Baba, za su rufe ƙofa."

Baba Rediyo ya buɗe gorar. Warin gida ya bugi hancinsa a tsakiyar wannan wuri mai ƙamshin sabulu. Ya kafa kai. Ya sha, ya sha, ruwan na gangarowa ta gemunsa, yana ji a ransa wai ko a cikinsa ne ya tafi da shi. Da numfashi ya ƙare ya sauke. Ko kashi ɗaya cikin uku bai ci ba. Ya sake gwadawa, cikin ya ƙi.

Sai idonsa ya faɗa kan tawul ɗin da ke kan tebur. Ya ɗauka, ya tara shi a bakin kwandon, ya tuttula masa ruwa har ya jiƙe sharkaf. Ya ɗago ya dubi jami'in.

Jami'in ya dubi tawul ɗin, ya dubi na'urar da ke sama, ya kau da kai.

"Tawul dai ba gora ba ne. Wuce."

Gorar ta bi sauran cikin kwando, da fiye da rabin ruwanta. Ya ji ƙarar faɗuwarta har ya kai ƙofar jirgi.

Kujerarsa ta bakin hanya ce, kamar yadda aka yi alkawari. A gefensa mai kwat ɗin nan ne, ya buɗe kwamfuta a cinya. Tawul ɗin na ɗiga ta tsakanin yatsun Baba Rediyo, kowane ɗigo yana jin sa kamar daga jikinsa yake fita.

"Baba, kana jiƙa mini wando."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo da fara'a, ta zaro wata jakar takarda daga aljihun kujera, ta ce ya sa a ciki. Ya sa, ya naɗe bakin, ya riƙe. Jirgin ya yi ta gurnani a ƙasa bai tashi ba, aka ce ana jiran izini. Da ya tashi kuwa, Baba Rediyo ya manta da cingam, kunnuwansa suka toshe, duniya ta koma kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Bai damu ba. Hannunsa yake saurare. Gindin jakar ya yi laushi, ya yi duhu. Takardar na sha.

Ya fitar da tawul ɗin da sauri, ya cusa shi cikin riga, ya manna a cikinsa. Can ya ji rigar ta yi sanyi. Ita ma tana sha. Ya fitar, ya dunƙule a tafin hannu. Daga sama wani ɗan rami na huro iska siririya, busasshiya, daidai kan hannunsa, bai san yadda ake kashe ta ba, kuma kunya ta hana shi tambaya. Kowa na shan ruwan nan, takarda da riga da iska, ban da mai shi.

Da aka turo keken abin sha, ya ce, "'Yata, ko kina da leda?"

Ta kawo masa wadda aka cire kofuna a ciki. Ya sa tawul ɗin, ya ƙulle. Da tun farko ya tambaya. Ta miƙo masa ruwa a kofi, ya karɓa don an ce ya karɓa, ya riƙe bai sha ba.

Ta kan kafaɗar mai kwat ya hango taga. Gajimare ne a ƙasa, tuli-tuli, iyakar ganin ido. Duk wannan ruwa ne, ya ce a ransa. Ruwa ne rataye a sama, ba gora ba akwati, yana tsallaka gari da gari ba mai ce masa tsaya a duba ka.

Sannan marar ta fara damunsa da fitsari. Ya matse ƙafa. Ya san wauta ce, ya san ruwan da ya shiga ciki ba ya komawa gora, amma duk da haka ya daure, ya motsa yatsun ƙafa, ya ja carbi, ya yi gumi. Da abin ya fi ƙarfinsa ya tashi, ya bi hanyar yana dafa kujeru. Bayan gidan jirgin bai fi akwatin rediyo girma ba. Da ya danna maɓallin, abin ya ja da wata ƙara mai ban tsoro. Ya tsaya ya dafa bango, ya daɗe bai fito ba.

Bayan an sauka, akwatinsa ne na farko da ya fito a kan bel, lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Kafin ya fita ya shiga bayan gida na filin don ya wanke fuska. Famfon ba shi da marfi, da ka kai hannu sai ya zubo, da ka janye ya tsaya. Ya kwance ledar. Gefunan tawul ɗin sun bushe, tsakiyar ce kawai da sauran danshi. Ya kai shi kusa da famfon, ruwan ya zubo da kansa, fari tas, kamar yana cewa kawo. Wa zai sani? Mutumin da ke kwance tsakanin barci da farkawa? Ya tsaya da tawul a hannu, ruwan na zuba a banza. Sai ya janye. Famfon ya yi shiru. Ya mayar da tawul ɗin a leda.

Ɗan Yaya na jiransa a waje. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi akwatin, idonsa na kan jakar yadin da ta lanƙwashe ba komai a ciki.

"Baffa, ruwan yana akwati ne?"

"Mu je dai, ɗana."

A hanya cunkoso ya riƙe su. Rana na dukan gilashin motar. Baba Rediyo ya sa ledar a ƙarƙashin hularsa a cinya, ya rufe da hannu biyu. 

Ɗakin asibitin ƙarami ne, da gado ɗaya da kujera ɗaya da wata na'ura mai ƙara a hankali. Bai gane Yaya ba da farko. Mutumin da ke jan guga da hannu ɗaya ya koma kamar tsumma a kan katifa, roba a hanci, roba a hannu, leɓɓansa sun tsattsage. Wata nas na tsaye a kansa da kofi da ɗan auduga.

"Kai ne mai kawo ruwan?" ta ce a hankali. "Tun safe yake tambaya. Sai dai Baba, ba ya iya haɗiya yanzu. Ko cokali ɗaya aka ba shi, huhu zai tafi. Leɓe kawai muke jiƙa masa."

Baba Rediyo ya matso bakin gadon. Ya kwance ledar. Ya murɗa tawul ɗin da duk ƙarfin da ya rage masa a kan tafin hannunsa. Ko ɗigo bai fito ba. Ya warware shi, ya nemo tsakiyar, wurin da bai fi tafin jariri ba mai ɗan sanyi, ya sunkuya ya ɗora a kan leɓen yayansa.

"Yaya. Ni ne."

Ba motsi. Sai can hancin ya buɗe, ƙirjin ya ɗaga. Ya sake ja. Idanun suka buɗe kaɗan, suka yi yawo a rufin ɗaki kafin su same shi. Leɓen ya motsa a ƙarƙashin tawul, Baba Rediyo ya ɗaga shi, ya kai kunnensa da bai gama buɗewa ba.

"Har yanzu... ba ku canja gugar ba."

"Ba mu canja ba, Yaya. Faci kawai nake mata."

"Ina sauran?"

Baba Rediyo ya ce, "Sun tare ni a hanya. Suka ce ko in sha ko in bari. Sai na sha."

Wani abu ya girgiza ƙirjin Yaya. Nas ta matso da sauri ta ɗauka tari ne. Ba tari ba ne, dariya ce.

"Kai dai," in ji Yaya, muryar kamar tashar rediyo da ke nesa. "Ni in ja... kai ka sha."

Idanun suka rufe, amma leɓen na neman tawul ɗin. Baba Rediyo ya mayar. Nas ta miƙo kofinta.

"Kawo in ƙara jiƙa shi, Baba. Ya kusa bushewa."

Ya rufe tawul ɗin da ɗaya hannun.

"Bar shi, 'yata," ya ce. "Da saura."